Na Kai Ruwan Rijiyarmu Kafanchan

Daga gida

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Talata na hau mashin daga ƙauyenmu, bayan Nok, jarka a cinyata. Yara uku gudawa ta kashe mana a damina, har da jikata Ladi. Dattawan coci suka ce a cike rijiyar da marigayi mijina ya haƙa. Na ce ban yarda ba, sai an gwada ruwan.

Kwoi

Bakwai saura muka iso. Na ci ƙosai a tsaye, bas bai cika ba sai takwas da rabi. A shingen bincike soja ya ɗaga jarkar.

"Mama, burkutu ne?"

"Sha ka ji."

Bai sha ba.

Kafanchan

Goma da kwata na sami ɗakin gwajin. Ma'aikaciyar, Rifkatu, sa'ar autata ce. Ta tace ruwan har abin da ya rage bai cika cokali biyu ba, ta zuba masa wani garin ƙarfe mai laushi. Ta ce an shafa wa garin abin da ke kama ƙwayar cuta, kamar danƙo. Aka juya awa guda. Da ta manna mayen ƙarfe a jikin kwalbar, garin ya taru gefe ɗaya, ja-ja, ina gani. Shi ta wanke ta duba a madubinsu na ganin ƙwayar cuta. Har ƙarfe uku ina kan benci.

"Ban ga komai ba, Mama. Amma haka yake fitowa daga rijiya, garau?"

Da na yi shiru, da na koma da takardar shaidar ruwan lafiya lau yake. Na ce a'a. Jajir yake fitowa. Alam na sa ya kwanta, na tsiyaye na sama, na zubar da lakar. Wa zai kai wa mutanen birni ruwa mai datti?

Ta ajiye biro. "Abin da muke nema, a lakar nan yake, Mama. Sai kin sake kawowa."

"To, kunya na ji, 'yata. Ko tsoro. Ban sani ba."

Komawa

Ruwan sama ya tare mu a Kwoi, sai shida da rabi na shiga gida. Matar ɗana tana bakin rijiyar da guga, goyo a bayanta.

"Me suka ce, Mama?"

"Ajiye gugan."

Na gode wa Ubangiji da ya dawo da ni, na gode wa Rifkatu da ba ta yi mini dariya ba. Rijiyar da hannuna na rufe ta da kwanon rufi, na ɗora dutse. Rafi muke zuwa yanzu, tafiyar awa guda. Shi ma ba wanda ya san abin da ke cikinsa.