Zanena a Sarƙar Keken Baba

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, na tsinci kaina a tsakiyar gadar jirgin ƙasa, bakin zanena ya naɗe cikin sarƙar keken Baba, jan ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙafafuna. Gadar ba ta da makari, katakai ne kawai aka jera a ƙarƙashin dogo, tsakanin kowane biyu akwai ramin da ƙafata za ta iya zurmawa.

Baba tela ne a unguwar Limawa, amma yana da 'yar gona a bayan gari, gefen layin dogo. Bai samu ɗa namiji ba sai daga baya, don haka ni ce yaron gidan. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke kai niƙa, ni ya koya wa keke duk da gunagunin Inna. Ran Asabar yakan tafi gona da ƙafa tun da sassafe, ya bar mini keken in kai masa abinci. Keken ya fi ƙarfina, sai dai in zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe in tuƙa a karkace. Nakan bi siririyar hanyar da ke gefen dogo, in ratsa gonakin Gwari, tudun doya jere da sandunansu, masara ta fi ni tsawo, matansu na wucewa da kaya a kafaɗa. A gada kuwa dole in sauka in tura. Baba ya sha gaya mini, "Ki tsaya ki saurara kafin ki hau." Na saurara ranar, ban ji komai ba sai ruwa.

Ina cikin turawa feda ta juya, ta ja zanen ta cusa a sarƙa. Na ja, ya ƙi. Na juya fedar baya, ya ƙara shigewa. Ina wannan kokawar na ji dogo yana rawa a jikin tayar keken, sannan kukan jirgi ya taso daga bayan itatuwa. Wallahi sai da fitsari ya zubo mini. Kwance zanen kawai zan yi in gudu, na kuma san haka, amma ba komai a ƙasansa sai ɗan kamfai, ga maza suna noma a ƙetare. An rene mu a kan cewa 'ya mace ba ta kwance zane a waje. Na ƙanƙame ƙugu da hannu ɗaya, keke da ɗayan, ina kiran Inna.

Wata Bagwariya ce ta taho daga ɗaya bakin gadar, ƙwarya cike da sabuwar doya a kafaɗarta. Ta saki ƙwaryar, na ga doya tana faɗawa ruwa, ta yo kaina da gudu tana tsallake katakai.

"Yarinya, ka cire zane!" in ji ta.

Na ce, "Mama, maza na kallo! Keken Babana ne!"

"Keke ba mutum ba ne. Cire!"

Ba ta jira ni ba. Ta fizge zanen daga ƙuguna, ta saɓa ni a kafaɗa kamar yadda ta saɓo doyar, ta juya. Kaina yana ƙasa, ina ganin ruwa ta tsakanin katakai, ƙarar jirgi ta cika mini kunne. Muna kai ƙarshen gadar ta faɗa da ni cikin ciyawa. Na ji ƙarar ƙarfe yana murƙushewa, iska mai zafi ta wuce ta kanmu. Da komai ya lafa, ta kwance zanenta na sama ta ɗaura mini, ta dungure ni a goshi, ta kama hannuna har gonar Baba. Kafin ya gama fahimtar abin da take faɗa ta riga ta juya.

Na tsaya ina jiran duka. Baba ya yar da fartanya, ya zauna daɓas a ƙasa, ya kama ƙafafuna biyu yana dubawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Bai tambayi keke ba, ko sau ɗaya. Daga baya ya yi ta yawon ƙauyukan gefen dogo yana neman matar, amma ni ko sunanta ban tambaya ba, fuskarta ma ban riƙe ba saboda firgici.

Yau gidaje sun cinye gonakin, gonar Baba ma an gina ta, 'ya'yana kuwa a keke napep suke zuwa makaranta, ba su san tsoron gada ba. Ni ce dai har yanzu in na ga dattijuwa da kaya a kafaɗa a kasuwa sai in gaishe ta har ƙasa, ta yi ta kallona tana mamaki. Wata a cikinsu nake nema in yi wa godiya.