Na-Fili da Farar Da'irarsa

Haihuwarsa da iyayensa

An haifi mutumin da birni duka ya sani da laƙabin Na-Fili a shekarar 1919, a wani gida mai ɗaki biyu da ke ƙarshen gari ta gabas, daidai inda gine-gine suke ƙarewa makiyaya ta fara. Mahaifinsa magini ne, shi ake kira idan za a shafe bango da farar ƙasa. Mahaifiyarsa kuwa sana'arta tufkar igiyar rama, kuma unguwa ta shaida igiyarta sai dai ta ɓata, ba dai ta tsinke ba. Shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yan da suka haifa, saboda haka uwar ta ɗauki son duniya ta ɗora masa, ta haɗa da tsoron duniya.

Karatunsa

An sa shi makaranta a 1926, ya fito bayan 'yan shekaru, ba don daƙiƙanci ba, sai don yawan tambaya. Yaro ne da ba ya barin magana ta wuce bai juya ta ya ga bayanta ba. Ranar da ya tsare malaminsa sai ya faɗa masa abin da shaho yake gani idan ya leƙo gidansu daga sama, malamin ya kamo hannunsa har gaban mahaifinsa, ya ce, "Ga ɗanka nan. Karatu ya iya, ni ne dai kaina ya kusa fashewa." Daga nan ya bi mahaifin nasa gini.

Filin jirgi na farko

A shekarar 1938 hukumar birni ta ware makiyayar gabas ta zama masaukin ƙananan jiragen da ke kawo wasiƙu. Wanda ya san filin jirgi na yau ba zai yarda a kira wancan fili ba: babu kwalta, babu hasumiya, sai rumfar kwano ɗaya, da gangunan mai, da wani dattijo mai korar awaki. Idan aka ji rugugin jirgi, sai a cinna wa ɗanyar ciyawa wuta, matuƙi ya duba hayaƙi ya gane inda iska ta nufa. Matsalar ita ce daga sama filin bai da bambanci da gonakin da ke kewaye da shi. Don haka aka ba mahaifin Na-Fili aikin shimfiɗa babbar farar da'ira a tsakiya, wadda matuƙi zai hango tun daga nesa.

Ga yadda suka yi aikin. Suka kafa turke, suka zarga masa doguwar igiya tufkar uwar gidan, Na-Fili ya durƙusa ya danne turken da hannu biyu, mahaifinsa ya kama ɗaya bakin ya ja ta tam, yana kewayawa yana zana layi da tsinken ƙarfe. Sun fara da rana tsaka. Kafin zanen ya zagayo gabas hadari ya taso, yayyafi ya sauko, amma magini mutum ne da ba ya barin aiki rabi, a jiƙe ya ƙarasa. Bayan nan suka haƙa layin, suka cika shi da duwatsu, suka shafe da farar ƙasa. Da mahaifin ya rasu a 1940, sai aka ɗauki ɗan a matsayin mai kula da filin, kuma daga nan laƙabin ya kama shi.

Maganar da ta tsaya masa a rai

A wannan shekarar wani matuƙi mai barkwanci, wanda ma'aikata ke kira Jan-Gemu, ya sauko daga jirginsa ya tarar da Na-Fili da bokiti da buroshi, ya ce, "Au, ashe kai ne mai ƙwan nan?"

"Wane ƙwai, ranka ya daɗe?"

"Wannan da kake shafawa mana. Daga sama sak ƙwai, gefe ɗaya a tsuke."

Ran Na-Fili ya ɓaci matuƙa. Ya rantse turke bai motsa daga hannunsa ba, mahaifinsa bai taɓa gina bango karkatacce ba, igiyar mahaifiyarsa kuma ba ta ƙarya. Jan-Gemu ya yi dariya ya ce to gobe ya zo su hau tare, ido ya raba gardama.

Goben ba ta zo ba. Da yammacin ranar wani jirgin daban ya sauka, ƙafarsa ta karye, ya kifa da hanci a ƙasa. Ba wanda ya mutu, amma mahaifiyar Na-Fili tana bakin fili, ta gani da idonta. Ta kira shi ɗaki ta ce, "Na binne 'yan'uwanka, na binne ubanka. Matuƙar ina numfashi ƙafarka ba za ta bar ƙasa ba. Faɗi in ji." Ya faɗa. A lokacin baiwar Allah tana yawan jinya, kowa yana yi mata kallon ta yau ko ta gobe. Ashe ita za ta raka likitocinta kabari ɗaya bayan ɗaya.

Aurensa da iyalinsa

Ya yi aure a 1944. Matarsa tela ce, kuma a bakin aiki suka haɗu, lokacin da aka daina ƙona ciyawa aka ba ta ɗinkin doguwar jakar ƙyalle da ake ratayewa a kan sanda don ta nuna iska. Sun zauna lafiya, Allah ya ba su 'ya'ya. Aibinta ɗaya: ta ji labarin Jan-Gemu. Duk ranar da suka saɓa ba ta ɗaga murya, sai ta dafa ƙwai guda, ta ɗora a faranti ta ajiye gabansa, ta koma kan kekenta. Shi kuwa tun daga 1940 ya haramta wa kansa ƙwai.

Ba wai ya zauna ba ne. Ya hau rufin rumfar jirage, ya hau tankin ruwa, ya hau mafi tsawon bishiyar da ke bakin fili har reshe ya ajiye shi ƙasa ba shiri, amma daga ko'ina a kwance yake hango da'irar, ba ta gaya masa komai. Ya tambayi matuƙa da dama, wasu su ce ƙwai, wasu su ce ba su lura ba. Waɗanda ba su lura ba su ne masu hankali a wurinsa.

Fili na biyu da na uku

A 1953 jirage suka yi wa makiyayar girma, aka buɗe fili na biyu a arewacin birni, mai titin kwalta da fitilu. Aka mayar da Na-Fili can yana zana fararen layukan titin, har ya yi ritaya a 1974, shekara guda kafin a buɗe fili na uku mai hasumiya da dogayen gine-ginen gilashi, wanda ake amfani da shi har yanzu. Tsohuwar makiyaya kuwa aka yanka ta filaye aka raba.

Babu wanda ya sa shi, babu mai biyansa, amma kowace shekara da ɗaukewar damina sai ya ɗauki bokitinsa ya je ya sake shafe da'irar. Duk maginin da ya kawo harsashinsa kusa da duwatsun, zai tarar da Na-Fili zaune a kai, da bayani mai tsawo. Magina suka ga ja da baya ya fi sauƙi a kan sauraronsa. Haka gidaje suka kewaye wurin, hanya ta bi bakin duwatsun ta zagaye, tsakiyar ta zama wurin ƙwallon yara.

Autarsa, wadda ta sami aiki a ofishin hasashen yanayi na sabon fili, ta taɓa kawo masa hoton birnin da aka ɗauka daga sama. Ya juya shi, ya kanga a haske, ya ga da'irarsa ba ta kai maɓallin riga ba. Ya miƙa mata ya ce, "Auta, wannan ai na'ura ce ta gani, ba ni ba."

Hawansa sama

Mahaifiyarsa ta rasu a 1987, ta haura shekara casa'in, a hannunsa. Ya yi kuka irin na ƙaramin yaro, kuma wata da watanni bai ɗaga maganar jirgi ba, don kunyar kada a ce dama jira yake. Sai abubuwa biyu suka taso masa tare. Yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce ganin nesa ba zai kai baɗi ba. Hukuma kuma ta sanar za ta gina kasuwa a wurin ƙwallon, har katafila ta iso ta tsaya a bakin hanya.

Autar ce ta roƙi matuƙin wani ƙaramin jirgi mai ɗaukar hoton taswira. Wata safiya a farkon 1988 aka ɗaure dattijo a kujerar kusa da taga, ita tana bayansa. Bai ji tsoro ba, tambayoyi ya yi ta jerowa har matuƙin ya daina amsawa. Da suka kai gabashin birni jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa ya karkata. Na-Fili ya manna goshi a gilashi, ya ce ba ya ganin komai sai hazo da rufin kwano. Hankalin autar ya tashi, ta roƙi a sake zagayowa. A zagaye na gaba rana ta faɗa kan farar ƙasar, layin ya fito fes.

Can ya ce, "Auta, wancan gefen da ya tsuke, ina ne?"

"Gabas ne, Baba."

"Gabas." Sai ya buga cinya. "Ruwa! Ruwa ne! Igiyar rama in ta jiƙe ai takurewa take yi. Yayyafin nan a gabas ya same mu. Tsohon ya ga bakin layi bai haɗu ba, ya haɗe abinsa da ido, ya tafi kabari bai gaya mini ba!" Ya yi ta dariya hawaye na zuba, yana cewa turke bai motsa ba, igiya ba ta yi ƙarya ba, Jan-Gemu ma bai yi ƙarya ba, Allah ya jiƙan kowa. Ya roƙi matuƙin ya ƙara zagaye ɗaya, domin bai taɓa ganin aikin iyayensa biyu a wuri ɗaya ba sai ranar.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a bakin ƙofa, tana son tambaya tana tsoron amsa. Ya cire takalmi, ya zauna, ya ce, "Dafa mini guda biyu."

Ƙarshen rayuwarsa da rasuwarsa

Katafila ta kwashe duwatsun a makon da ya biyo baya, bai je ya hana ba. Kafin ƙarshen shekara ganinsa ya tafi, bai kuma taɓa kokawa ba. Yakan ce abin da yake son gani ya gani. Allah ya yi masa rasuwa a gidansa ranar wata Talata a shekarar 1991, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da biyu. Aka yi jana'izarsa da yamma, aka bi da shi ta hanyar da ta zagaye kasuwar, ta wannan matsattsiyar kwana ta gabas da direbobi ke tsine wa kullum ba su san mafarinta ba.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa magini, mai bi masa direban motar haya, sai mace malamar makaranta, sai autar, da jikoki masu yawa. Tsohuwar igiyar tana wurin autar. Autar ce ta ce har yau, idan jirgi ya doso fili na uku ta gabas, ya hango hanyar da ta kewaye kasuwa, takan ji matuƙi ya faɗa wa hasumiya ta rediyo cewa ya wuce ƙwai. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.