Ƙasar Ganuwa da Bangon Inna

Na fi wata biyar ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, maganar kuma ta shafi dauloli, abin da masu digiri ma ke gardama a kai. Ina tsoron in sa wata daula gaban wadda ta girme ta, in ɗauki alhakin mutanen da ba sa nan balle su kare kansu. Amma lamarin ya taɓa ɗakin mahaifiyata, don haka dole in yi magana.

A gabashin gonata akwai wani dogon tudun jar ƙasa da muke kira ganuwa. Haka muka taso muka ji ana faɗa, ba wanda ya taɓa tambayar ta wa ce. A wajenmu gona na jikin gona, babu filin da mutum zai haƙa rami don ƙasar gini, ƙasarmu kuma jigawa ce, ba ta riƙe tubali. Ta ganuwa kuwa tamkar an kwaɓa maka an ajiye. Saboda haka duk mai gini da rani sai ya je ya yi wa mai gonar da ke jikinta sallama, ya ɗebi abin da zai ishe shi. Da haka aka cinye ta, saura ɓangaren da ke iyakata.

Bara da rani bangon ɗakin Inna na yamma ya tsage, har hannu na shiga. Magini ya duba ya ce ba zai ga ƙarshen damina ba, sai an sauke shi an tayar da sabo. Na ɗauki diga, na ari amalanken shanu, na kai gida sahu biyu. Ina cikin sara na uku sai ga tsohon hedimastanmu a kan keke. Shi ya koya mini karatu, ya yi ritaya, yanzu ba shi da aji sai duk wanda tsautsayi ya sa ya gaishe shi.

“Sannu da aiki, Mongoli,” in ji shi.

Na amsa da murna, na zaci yabo ne. Ya jingine keke ya fara bayani. Ya ce akwai Bagadaza, birnin Abbasiyawa, waɗanda suka karɓi mulki daga Umayyawa. Mongolawa suka zo a kan dawakai daga gabas suka ragargaza birnin, suka zuba littattafai a kogi. Ya ce akwai Kustantiniya, wadda ganuwarta ta gagari mayaƙa zamani bayan zamani, sai da Usmaniyawa suka kawo igwa.

“Su sai da suka nemo igwa,” ya ce. “Kai ga shi diga ɗaya ta ishe ka.”

“Malam, ai wannan tudun bayan gona ne.”

“Tudu? Ka san wanda aka gina ta dominsa? Mali ta yi zamaninta, Songhai ta gaje ta, ƙarfinta ya kawo har ƙasar Hausa. Kwararrafa ma sun zo ta kudu. Wa ya sani ko a nan aka tare wani daga cikinsu?”

“To wanne ne, Malam?”

“Bincike ne zai nuna.”

“Wa zai yi binciken?”

“Masana.”

Na tambayi ranar da za su zo, ya hau kekensa.

Ni mutum ne da in na taka shukar maƙwabci bisa kuskure sai na je na faɗa masa. Sai ga shi an ce ina rusa abin da wasu bayin Allah suka tsaya a bayansa da kwari da baka. Washegari na mayar da sahu biyun nan, na jibge su inda na saro, har da fasassun tukwanen da na tsinta a ciki. Matata na tsaye tana kallona ina loda ƙasa daga tsakar gida.

“Maigida, an ƙi karɓa ne, ko ba ta nuna ba?”

Na ce tarihi ne. Ta ce ta gane, ta tambaya ko tarihin yana tare ruwa.

Inna ba ta kiran sunana, tunda ni ne ɗan fari. Daga bakin ƙofa ta ce, “Kai wannan, jiya ƙadangare ya shigo ta bangon nan bai ko sunkuya ba.” Na ce ta yi haƙuri, ina bincike.

Na sayi littafin rubutu na koma wurin Malam sau huɗu. Na rubuta Rum, na rubuta Farisa, na rubuta sarautun Sin da ke hawa suna sauka. Na rubuta yaƙe-yaƙen masu gicciye da annobar da ta kwashe mutanen Turai. Na san yadda aka raba daular Mongolawa tsakanin zuriya, ta tarwatse kamar gandun da uba ya mutu ya bari. Duk duniya Malam ya zagaya da ni, ban da bayan gonata.

Na je wurin liman. Ya saurare ni, ya ce ganuwa don kare mutane aka yi ta, tsohuwata kuma mutum ce, in je in ɗiba. Da na tashi a nan da an gama. Sai na ce, to in maginan sun bar magada fa? In kuma magadan suna can ƙasar Songhai ba su ji labari ba? Liman ya dubi sama ya ce lokacin salla ya gabato. Hantsi ne.

Cikin haka wani maƙwabcina ya zo neman izinin ɗiban ƙasa, kamar yadda aka saba. Na gaya masa gaskiya, na ce ba zan iya ba da abin da ba nawa ba. Ya yi godiya sosai. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa mai gona ya ce ganuwa ba tasa ba ce, ba sai an yi masa sallama ba. Amalanke ya riƙa bin amalanke. Ina sharar gona a gefe, suna wucewa suna ce mini, “Sannu, Mongoli.” Ni kaɗai ne ban ɗiba ba, ni kuma sunan ya bi.

Zuwana na biyar gidan Malam na tarar da sabuwar katanga, ja wur, ko bushewa ba ta gama yi ba.

“Malam, wannan ƙasar fa?”

“Adanawa na yi. In masana suka zo sun san inda za su same ta.”

“Ni kuwa ka ce Mongoli ne.”

“Kai rusawa kake yi ba da sani ba. Duba littafinka, kowace daula da tubalin ta gabanta ta yi gini.”

Na duba, ban ga inda ya faɗa mini haka tun farko ba.

Da hadarin farko ya haɗu na ruɗe, na buga tubali da ƙasar jigawa. Ina ɗagawa yana marmashewa a hannuna. Na tokare bangon da azara biyu, na yi addu'a. A ruwa na uku ya zube, da rana tsaka, Allah ya sa Inna tana gidan suna. Ta dawo ta tsaya tana kallon gadonta daga waje.

“Kai wannan,” ta ce, “ɗauko littafin nan naka ka ƙara. Tawa daular ma ta faɗi.”

Tun ranar tana kwana a ɗakin matata, ni ina zaure tare da buhunan taki. Su biyun da ba su cika shiri ba yanzu bakinsu ɗaya, kuma na san a kan wa.

Ga inda nake. Ganuwa ta ƙare, sai ɗan guntun da saiwar tsamiya ta riƙe. Magini ya ce zai ishi bango ɗaya daidai. Na kewaye shi da ƙaya, kullum sai na je na duba. Na kai diga wurin sau biyu na dawo da ita, don yanzu in na sara ni ne na ƙarshe, wanda za a ce a hannunsa ta ƙare.

Saboda haka nake roƙon masu karatu. Duk wanda ya san waɗanda suka gina tsofaffin ganuwoyin ƙauyukan da ke tsakanin Tsanyawa da Kunci, da wanda suke tsoro, da ko sun bar magada, ya taimaka ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. In na Songhai ne, a faɗa mini wanda ake yi wa sallama yanzu. In kuma shingen shanun wani ne kawai, shi ma a faɗa, ba zan ji haushi ba. Don Allah amsar ta iso da sauran rana, tubali na bukatar ya bushe kafin ruwa ya sauka.