Hilaria Mai Sikelin Filin Jirgi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ko da ba mai daɗi ba ce.

Kafin rana ta leƙo ta bayan tsaunuka, Hilaria Ticona ta riga ta fito, bargo a kafaɗa, ganyen koka, goronmu na nan, a kunci, tana korar garken lama, 'yan raƙumanmu marasa tozo, daga filin jirgin ƙauyenmu. Ta tsince tsakuwa, ta duba inda iska ta dosa, sannan ta kafa sikelinta. Haka ta yi shekara da shekaru, tun kanta bai san furfura ba.

Jirgin namu ɗan ƙarami ne, injinsa ɗaya, amma an sa masa turbo, wani zugazugi mai ɗura masa iska, don a nan sama iskar ba ta da kauri, ko jaki haki yake. To, zugazugin injin yake taimako, bai ƙara wa fiffike komai ba. In rana ta take, kaya ya yi nauyi, tsaunin da ke ƙarshen filin ba ya matsa wa kowa. Shi ya sa kowa sai ya hau sikeli, har Fada, limamin cocinmu. Tana awo tana tsiya: "Kawu, fito da buhun dankalin nan daga bargo. Ko juna biyu gare ka?"

Ranar da aka ɗauko Severino, mijin ƙanwarta Maxima, numfashinsa na sarƙewa, an riga an kwantar da wata mai naƙuda a jirgin, ga malamar asibiti, ga rana tsaka. Mu kuwa ba ma barin majinyaci ya tafi birnin La Paz shi kaɗai. Dole nasa ya bi shi, ko don ya rufe masa ido.

Maxima ta hau sikeli, nauyi ya zarce. Ta yar da bargo, ta tuɓe siket ɗinta ɗaya bayan ɗaya, ta cire takalmi. Bai isa ba. Ta roƙi matuƙin, shi kuwa ya duƙufa goge gilashi, ya ce a tambayi mai sikeli.

"Yaya, ni ce fa," in ji Maxima.

"Na san ke ce. Dutsen ne bai sani ba. Sauko."

Waɗanda suka gani sun ce da ƙyar tayar jirgin ta tsallake kan tsaunin. Mai naƙuda ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Severino ya cika a asibiti, babu nasa ko ɗaya a kansa. Matuƙin ya sha yabo a rediyo. Hilaria kuwa, ƙwaryar miyar da ta kai gidan makoki aka mayar mata, ko buɗewa ba a yi ba.

Ke ce, Hilaria, katangar da aka jingina da ita kuma aka jefe ta. Duk "a'a" da maza suka kasa furtawa, a bakinki suka sa, mu kuma muka ce ba ki da imani. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Ku da kuka gaji sikelin, ku yi koyi da ita, amma kada ku sa ran tukwici.

Matuƙin yanzu manyan jirage yake ja. Jaririyar nan ta girma, tana koyarwa a birni. Hilaria ta ajiye aiki bana, gwiwa ta ƙi. Maxima na nan, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma har yau ba ta amsa gaisuwar yayarta.