Jimlar da Hafsat Ta Haɗa a Aji

Ina tsaka da auna masara a shagona jiya, malamar 'yata Hafsat ta kira ni: "Alhaji, bar abin da kake yi, ka zo makaranta yanzu."

Ni da na fara daga dako har na mallaki shago, ba kasafai nake barin ciniki ba. Jiya kam na bar awon, na nufi makaranta.

Na tarar da iyaye uku a bakin aji, fuska a ɗaure. Ashe shekaranjiya aka koya wa yara haɗa jimla: wane ne, me ya yi. Da aka zo kan 'yata, sai ta miƙe ta ce, "Babana ya kai wa mutanen daji shinkafa da fetur." Yara suka kwashi maganar zuwa gida.

A Birnin Gwari kun san makomar wanda aka ce yana yi wa 'yan bindiga safara. Ba a jiran bayani.

Na buɗe baki, malama ta ce, "Dakata, Alhaji, naka bayanin ba zai shiga ba." Ta durƙusa gaban yarinyar. "Hafsat, jimlarki ba ta ƙare ba. Ƙara mata da 'domin'."

Hafsat ta dube ni, ta ce, "Domin su sako Baffa Sani. Kuma har yanzu ba su sako shi ba."

Ɗaya daga cikin iyayen ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini hannu. Sauran biyun suka tafi ba sallama.

Ƙanina yana hannunsu har yau, ku sa shi a addu'a. Amma jama'a, in ɗanku ne, za ku hana shi faɗin abin da ya gani?