Motar da ta daina tsayawa

"Hajiya, dubi allurar gudun nan, ta kusa ƙure lambobin," in ji ɗana Sadisu, yana miƙo mini wayarsa.

Bidiyon gwajin gudu ne da ya yi jiya da motar marigayi mahaifinsa, a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Doguwar baƙar motar alfarma ce da ta girme shi. Ya gyara ta don abokansa su shaida har yanzu tana da ƙarfi.

Ni ba allurar na kalla ba. Daf da garin Sara na hango wani dattijo a bakin titi ya ɗaga hannu, wata mata tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafarsa. Mutanen hanyar nan sun san motar. Alhaji, Allah ya jiƙansa, bai taɓa wuce hannun da aka ɗaga masa ba, kuma marasa lafiya da yawa a kujerarta ta baya suka isa asibiti.

Na ce, "Ba ka ga Baban nan ba?"

Ya ce, "Na gan shi, Hajiya. To in na taka burki ai gwajin ya lalace."

Na mayar masa da wayarsa. Da hannuna na ba shi makullin, ina murna zai raya abin da mahaifinsa ya bari. Inji kaɗai ya raya.

Tun asuba nake tambayar kaina ko matar ta sami wata motar.

'Yan'uwana iyaye, ku faɗa mini gaskiya: makullin zan karɓe, ko tarbiyyar da na yi zan fara tuhuma?