Injin da Baba Ya Bari a Buɗe

Daminar bana ce ta takwas da rasuwar mahaifina, Malam Umaru bakanike na Ƙofar Atiku. Duk waɗannan shekarun a zuciyata kawai nake tuna shi, in yi masa addu'a in yi shiru. Bana na ga dole in rubuta, domin akwai wani mutum mai rai wanda shirun nan nawa ya cuta, kuma na san mutanen unguwarmu suna karanta wannan shafi.

Baba yana da wani jan babur ƙirar Italiya, irin na tsere, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Wani injiniya Bature da Baba ya yi wa aiki a kamfanin gina hanya ne ya bar masa shi da zai koma ƙasarsu. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya ɗaukar fasinja, har Inna, mahaifiyata, takan ce duk gidan nan shi kaɗai ne ke ci ba ya aikin komai. Amma in Baba ya tayar da shi ranar Juma'a da hantsi, ƙararsa takan fara taɓa ƙirjin mutum kafin ta isa kunnensa. Ina yarinya na ɗauka haka muryar hadari take in ya sauko ƙasa.

Ba a sayar da kayan gyaransa ko'ina a Sakkwato, don haka ko noti ɗaya Baba ba ya yarwa. A cikin kan injin akwai wasu 'yan ƙananan ƙarafa, ba su fi farce ba. A ido duk ɗaya suke, amma kowanne da kaurinsa, kowanne da bawul ɗin da yake zama a kai, wato 'yar ƙofar iskar injin. In Baba ya buɗe injin sai ya jera su cikin kiret ɗin ƙwai, kowanne a raminsa. Bai taɓa rubuta tsarin ba. A kansa yake.

Ya buɗe injin a zaure wata Asabar, ciwon ƙirji ya kama shi ranar Litinin. Da za a sa shi a mota ya kama hannuna ya ce, "Nana, kar kowa shi taɓa kiret ɗin ga sai na dawo." Ni kaɗai na ji. Kwana biyu ya yi a asibiti.

Washegarin jana'iza maza suna zaune bisa tabarmi a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa, sai hadari ya taso. Gwaggo, yayar Baba, ta ce in yi maza in kwashe tarkacen da ke zaure, dattawa za su shigo. Shekarata goma sha shida. Na buɗe baki in faɗi abin da Baba ya ce, na ga idanunta sun kumbura don kuka, na kasa. Na ɗauko kwanon tuwo na juye kiret ɗin a ciki, na haɗa da notina da duk abin da hannuna ya kai. Ina ratsa tsakar gida da gudu santsi ya kwashe ni. Na tsince abin da na gani cikin taɓo, sauran ruwa ya tafi da su ta kwata.

Bayan sadakar arba'in babban wana, Yaya Bello, ya kira Baba Yohanna ya haɗa babur ɗin. Baba Yohanna Kirista ne mutumin Filato, garejinsa a Gidan Dare, abokin Baba tun suna samari, kuma shi kaɗai Baba yake bari ya sa wa babur ɗin sifana. Ya tafi da shi har da kwanon. Wata uku yana fama, sannan ya dawo da shi bisa mota ya ce wasu ƙarafa babu su, waɗanda ke nan kuma sun cakuɗe. Yaya Bello ya ce a gaban jama'a Baba bai taɓa ɓatar da ko allura ba, duk abin da ya ɓace a garejin Yohanna ya ɓace. Ina tsaye bayan ƙofar zaure. Baba Yohanna bai yi musu ba, ya yi wa mamaci addu'a ya tafi.

Maganar ta bi gari. Aka ce ya ci amanar abokinsa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Masu kai masa gyara daga unguwarmu suka janye, na wasu unguwanni suka biyo baya. Ni kuwa na gama sakandare, na shiga jami'a, na karanta adabi, na iya tsara magana a kan gaskiya da amana har malamai suna yabona. Kowace shekara faɗin abin sai ya ƙara nauyi.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce in ya ga garin yau. Keke mai ƙafa uku ya cika titi. Bakanike ba ya gyara, sai dai ya cire ya sa sabo. Fetur ya zama abin da ake aunawa da tsoro, hanyoyin ƙauyen da yake bi ya sha iska kuwa ba mai bin su yanzu sai dole, kuma wanda aka gani can bisa babban babur ba kallon sha'awa ake yi masa ba. Ina jin duk wannan zai girgiza kai ya wuce. Abin da ba zai wuce ba shi ne a ce masa Yohanna ɓarawo ne, kuma a gidansa aka fara faɗa.

Watan jiya na je Gidan Dare. Garejin ya koma rumfar facin taya, idanun Baba Yohanna sun yi hazo har sai da na faɗi sunana. Na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana murza wani tsumma a hannunsa.

"Ɗiyata, ai na sani tun ranar," ya ce. "Umaru ba ya zuba ƙarfe a kwanon tuwo. Kuma da taɓo a jikinsu."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce ya hango ni a bayan ƙofa, marainiya mai wata huɗu da rashin uba, kuma ya san zafin zuciyar Bello. Ya ce ya zaci in na girma kaɗan zan faɗa da kaina. Bai ce na makara ba. Ya tambayi lafiyar Inna, ya ce in gaishe ta.

Babur ɗin yana nan a ɗakin ajiya, tayoyinsa sun kwanta, injinsa a buɗe yadda aka bar shi. Na daina fatan jin ƙararsa. Da nakan ɗauka shi ne abin da Baba ya bari, shi ya sa nake share masa ƙura duk Juma'a. Yanzu da na auna, na ga abin da ya rage na Baba a duniya shi ne mutumin da ya yarda a ɓata sunansa shekara takwas don kada a taɓa ɗiyar abokinsa. Irin abotar da Baba ya iya ƙullawa ke nan, mu kuma da muka gaje shi ga yadda muka riƙe ta.

Allah ya jiƙan Malam Umaru, ya haskaka kabarinsa. Yaya Bello, ban iya faɗa maka ido da ido ba, a nan za ka karanta tare da kowa. Baba Yohanna bai ɗauki komai ba. Ni ce na zubar.